Python 3 da umarnin `endswith`: sharhi ga masu sarrafa rubutun Hausa da Faransanci a Yamai

Duk mai rubuta ƙananan manhajoji don ofis, kantin magani, makaranta ko gidan rediyo a Yamai yakan ci karo da tambaya ɗaya cikin kamanni iri-iri. Sunan fayil ɗin nan da `.pdf` ya ƙare? Adireshin nan na `.ne` ne? Lambar wayar da ta turo kuɗi, ita ce ke cikin rajistar masu biya? Farashin nan an rufe shi da `FCFA` ko lamba ce tsura? Duka dai duba ƙarshen rubutu ne, abin da malaman nahawu ke kira ɗafa-ƙeya. Wannan sharhi ya auna yadda Python 3 ke yin aikin, ta umarnin `endswith` da ƴan'uwansa `removesuffix`, `rstrip` da `pathlib`, a kan irin rubutun da ake samu a nan: Hausa mai haruffa masu ƙugiya, Faransanci mai alamomi a kan wasula, da jadawalin Excel da ya bi ta hannu biyar kafin ya iso.

Hukuncinmu tun farko: cikin harsunan rubuta manhaja da aka fi koyarwa, na Python ya fi daɗin riƙo, kuma ya fi saurin sanar da kai idan ka ba shi abin da bai dace ba. Sai dai harafi da harafi yake kwatantawa, ba ragi ba ƙari, kuma rubutunmu bai cika zuwa da tsabtar da hakan ke bukata ba. Galibin ɓarnar da za ka gani tana faruwa ne tun kafin rubutun ya kai ga `endswith`, shi ya sa a can sharhin zai fi daɗewa.

Python kyauta ne. Fayil ɗin girkawa na Windows bai wuce megabayit 25 zuwa 30 ba, kuma da zarar ya sauka ba ya neman intanet. A wayar Android ana samunsa ta Pydroid 3 ko Termux, kuma duk misalan nan suna gudana a can. Abu ɗaya ya kamata a duba kafin komai: siga. Python 3.8 ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7, alhali `removesuffix` sai a 3.9 ya shigo, wadda ta fito a Oktoban 2020. Tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7 har yanzu suna nan a ofisoshi da wuraren buga takardu, don haka manhajar da ta yi aiki lafiya a kwamfutarka tana iya tsayawa da `AttributeError` a ta wanda ka rubuta wa. Ka buga `python --version` a can tukuna.

Ainihin umarnin ba shi da wahala:

```python
"rahoto.pdf".endswith(".pdf")     # True
"rahoto.PDF".endswith(".pdf")     # False
"rahoto.pdf ".endswith(".pdf")    # False
```

Amsarsa `True` ce ko `False`. Ba ya bin rubutun daga farko. Yana zuwa ƙarshe ne ya gwada haruffa daidai tsawon ɗafa-ƙeyar, saboda haka ko rubutun shafi dubu ne, saurinsa ɗaya. Yana kuma karɓar lambobi biyu na inda za a fara da inda za a tsaya, kamar `"rahoto.pdf".endswith("hoto", 0, 6)`, amma da wuya ka bukaci hakan.

Inda ya yi wa takwarorinsa fintinkau shi ne karɓar ɗafa-ƙeya da yawa a kira ɗaya. Tun Python 2.5 ana iya ba shi `tuple`, wato jerin abubuwa a cikin baka:

```python
suna.endswith((".jpg", ".jpeg", ".png"))
```

Baka biyu-biyu nan dole ne. Idan ka cire ɗaya ka rubuta `endswith(".jpg", ".png")`, zai ɗauki `.png` a matsayin lambar farawa ya jefo `TypeError`. Idan ka ba shi `list` ma `TypeError` ne, kuma saƙon ya faɗa ƙarara cewa rubutu ko `tuple` yake so. Wannan tsawa alheri ce, domin kuskuren da ya yi ƙara nan take ake gyara shi. Masu shiru su ne abin tsoro, kuma akwai uku da suka fi kama masu koyo. Na farko `endswith(".jpg" or ".png")`: Python yana warware `or` tun kafin kiran, ya bar `.jpg` kaɗai, hotunan `.png` su zube ba labari. Na biyu mantuwa da waƙafi: `(".jpg" ".png")` yana haɗewa ya zama `.jpg.png`, abin da babu fayil ɗin da zai dace da shi. Na uku ya fi muni. Kowane rubutu a duniya yana ƙarewa da rubutu fanko, wato `endswith("")` kullum `True` ne. To, a ce ka ajiye jerin wutsiyoyin da ka yarda da su a fayil ɗin saiti, wani ya bar waƙafi a ƙarshe, `.pdf,.docx,`. Da ka raba shi da `split(",")` za ka samu abu uku, na ukun fanko, daga nan kowane fayil ya samu izinin shiga. Maganinsa layi ɗaya ne, `tuple(w for w in jeri.split(",") if w)`, amma sai ka san da ramin kafin ka cike shi.

Wasu kan guje wa umarnin su yanka da hannu, `s[-len(w):] == w`. Ba mu ga amfaninsa ba. Idan `w` fanko ne, `-0` daidai yake da `0`, sai yankan ya dawo da rubutun gaba ɗaya, amsar ta juye.

Cire wutsiya: nan ne Python ya yi sakaci shekaru da dama

Bayan an tabbatar da ƙarshen, yawanci cire shi ake so. Hannu yakan kai ga `rstrip`, domin sunansa ya yi kama da abin da ake nema. Ga abin da yake yi wa fayil ɗin sauti na gidan rediyo:

```python
"Tawa.wav".rstrip(".wav")        # 'T'
"Tawa.wav".removesuffix(".wav")  # 'Tawa'
```

`rstrip` bai ɗauki `.wav` a matsayin kalma ɗaya ba. Tarin haruffa huɗu ya gani, ɗigo da w da a da v, ya yi ta ci daga ƙarshe har ya tarar da harafin da ba ya cikinsu. Haka `rapport.txt` ke komawa `rappor`. Abin da ke sa wannan ya daɗe a ɓoye shi ne, a yawancin sunaye amsar tana fitowa daidai bisa dace, sai ranar da aka kawo suna mai ƙarewa da a ko t. Ganin yadda kalmomin Hausa suka fi ƙarewa da wasali, duk wutsiyar da ke ɗauke da wasali, irin su `.wav`, `.avi`, `.doc`, tana cin sunayenmu fiye da na wasu. `removesuffix` ya gyara wannan tsaf: idan ƙarshen ya dace ya cire shi sau ɗaya, idan bai dace ba ya mayar da rubutun yadda yake. Aibinsa shi ne ba ya karɓar `tuple`, wanda bai yi daidai da ɗan'uwansa ba. Wanda ke kan 3.8 sai ya rubuta `s[:-len(w)] if w and s.endswith(w) else s`.

Ga sunayen fayil kuwa, `pathlib` ya fi dacewa. `Path(p).suffix.lower()` yana ba ka wutsiyar, `.stem` yana ba ka sauran. Ka tuna dai `Path("ajiya.tar.gz").suffix` `.gz` ne kawai, sai `.suffixes` ke kawo duka biyun, kuma shi `Path` ba shi da `endswith`, sai ka bi ta `.name`.

Rubutun da ido ke gani ɗaya, kwamfuta na gani biyu

Mu fara da buɗe fayil. A Windows ɗin da aka saita da Faransanci, `open("kalmomi.txt")` ba tare da ƙarin bayani ba ya saba karantawa da tsarin cp1252, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Fayil ɗin kuwa kusan kullum UTF-8 ne, inda kowanne daga cikin haruffan nan bayit biyu ne. ƙ shi ne C6 99, sai ya fito `Æ™`. ɗ yana fitowa `É—`, ƴ kuma `Æ´`. Duk wanda ya taɓa ganin waɗannan a shafin intanet na Hausa, tushensu ke nan. Manhajar ba za ta tsaya ba, amma ga kalmar "saƙo" da aka karanto daga fayil ɗin, `endswith("ƙo")` zai zama `False` a kowane layi. Babban Ɓ ne kaɗai ke tona asiri da wuri: bayit ɗinsa C6 81 ne, 81 kuma ba shi da ma'ana a cp1252, sai `UnicodeDecodeError` ya fito. Ke nan manhaja tana iya yin watanni tana ba da amsar banza, ta faɗi ranar da wani ya fara jimla da "Ɓarawo". A rubuta `encoding="utf-8"` a kowane `open`, ko `utf-8-sig` idan Excel ne ya fitar da fayil ɗin.

Sai ƙarshen layi. `for layi in f` yana kawo kowane layi da `\n` manne a bayansa, in ban da watakila na ƙarshe. Alamar cutar ita ce layin ƙarshe kaɗai ke ba da `True`. Idan kuma bayit-bayit aka karanta fayil ɗin Windows, `\r\n` ne. A nan `endswith` ya fi `re`, kayan Python na neman rubutu ta hanyar tsari, gaskiya: alamar `$` a `re` tana yarda da ƙarshen da `\n` ke biye da shi, don haka `re.search(r"\.pdf$", "a.pdf\n")` yana cewa ya samu. Mai son `re` ya yi tsauri irin na `endswith` sai ya sa `\Z`.

Wasalin Faransanci yana da nasa. Harafin é hanya biyu ake ajiye shi: harafi ɗaya, U+00E9, ko kuma e da alama U+0301 a bayansa. A fuskar kwamfuta ba bambanci. Ɗauki sunan Filingué. Idan an ajiye shi ta hanya ta biyu, kamar yadda yake faruwa da sunayen fayil da suka fito daga wasu kwamfutocin Mac ko rubutun da aka kwafo daga PDF, `endswith("é")` zai ce a'a, `endswith("e")` ma zai ce a'a, domin abin da ke ƙarshe alamar ce ita kaɗai. `unicodedata.normalize` ke daidaita su. Haruffanmu masu ƙugiya ba su da wannan matsalar, kowanne harafi ɗaya ne da ba ya rabuwa, kuma hakan yana nufin babu daidaitawar da za ta mayar da ƙ zuwa k. Idan rabin ma'aikatan shigar da bayanai suna buga "sako" rabi suna buga "saƙo", kai ne za ka yanke shawara ka rubuta musanyar da hannunka. `lower()` da `casefold()` kuwa sun san Ƙ, Ɗ, Ɓ da Ƴ, suna mayar da su ƙanana daidai, kuma a wannan Python ya cancanci yabo.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta 'y, kuma rubutun da ke yawo tsakanin Maradi da Katsina ko Ƙonni da Sakkwato yana ɗauke da duka biyun. Ita kanta alamar ɗaurin kala uku ce aƙalla: miƙaƙƙiya ta allon bugu, U+0027, lanƙwasasshiya da Word da wayoyi ke sakawa da kansu, U+2019, da U+02BC. Kalmar "ƴaƴa" kaɗai tana iya zuwa ta hanya huɗu, haka "jama'a" da "sana'a" ta hanya uku.

Ga abin da muke ba da shawarar a ratsa da kowane rubutu ta cikinsa kafin a duba ƙarshensa:

```python
import unicodedata

def tsabtace(s):
    s = unicodedata.normalize("NFKC", s)
    s = "".join(h for h in s
                if unicodedata.category(h) != "Cf")
    for alama in "\u2018\u2019\u02bc":
        s = s.replace(alama, "'")
    return s.strip().casefold()
```

`NFKC` yana haɗe é, yana kuma mayar da tazarar da ba ta karyewa, U+00A0 da siririyarta U+202F, zuwa tazara ta yau da kullum. Waɗannan biyun su ne tsarin Faransanci ke sakawa tsakanin dubbai da kuma kafin alamar kuɗi, shi ya sa `"15 000 FCFA".endswith(" FCFA")` kan ƙi ci a rubutun da aka kwafo daga takardar kuɗi. Layi na biyu yana zubar da haruffan da ba a gani, irin su U+200B da alamomin juya alkiblar rubutu, waɗanda `strip()` ba ya taɓawa. Sukan biyo lambar waya da aka kwafo daga jerin sunaye ko rubutun da ya gauraya da Larabci. Mai aiki da ajami ya yi hattara da wannan layin, domin cikin abin da yake zubarwa akwai alamomin da ke tsara haɗuwar haruffa. Kuma dole a tsabtace ɓangarorin biyu, rubutun da ɗafa-ƙeyar. Musanya 'y da ƴ ba mu sa ta ciki ba da gangan: idan an sa kalmar 'yaro' cikin alamar zance guda-guda, musanyar za ta ɓata ta. A yi ta ne inda aka san rubutun.

Idan duk da haka amsa ta ƙi fitowa, kada a tsaya zato. A buga `print(ascii(s[-8:]))`. Zai nuna haruffa takwas na ƙarshe da lambobinsu, ɓoyayyen ya fito fili.

Lambobin waya misali ne mai kyau na inda `endswith` ke biyan bukata. Lambar Nijar lamba takwas ce, amma a rajista ɗaya za ka same ta da `+227` a gaba, ko `00227`, ko ba komai, da tazara bibbiyu ko babu. A tace lambobi zalla da `"".join(h for h in s if h.isdigit())`, sannan a gwada takwas na ƙarshe. A tabbatar dai abin da ake nema ya cika takwas, kuma abin da ya rage a gaba fanko ne ko `227` ko `00227`. In ba haka ba, lambar Najeriya ko Benin da ƙarshenta ya zo ɗaya za ta shige. Masu amfani da pandas, kayan Python na sarrafa jadawali, su kula: idan akwai gurbi fanko ko ɗaya a layin lambobin, `read_csv` yana mayar da su duka masu ɗigo, 12345678 ya zama 12345678.0, kuma da an mayar da shi rubutu da `.0` zai ƙare. A sa `dtype=str` tun wurin karantawa. `Series.str.endswith` kuma, a pandas kafin siga ta 3.0, yana barin gurbin fanko a matsayin rashin amsa, wanda ke hana tace jadawalin, sai an ƙara `na=False`. Wani abin da ba kowa ya sani ba: cikin kalmomin da pandas ke ɗauka a matsayin gurbi fanko akwai `nan`. Duk jerin kalmomin Hausa da aka loda ba tare da `keep_default_na=False` ba, kalmar "nan" ta ɓace daga cikinsa.

Ɗalibai da masu bincike kan harshe, a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tawa, sukan so tsamo kalmomi ta ɗafa-ƙeyarsu. A nan a rage buri. `endswith("awa")` zai kawo Adarawa, Gobirawa, Katsinawa, ya haɗo da dawa, rawa, iyawa, kasawa. `endswith("anci")` zai kawo Faransanci amma ba Larabci ba, domin shi "bci" ne, ya kuma shigo da hanci. Umarnin bai san saiwar kalma ba, bai san karin sauti ko tsawon wasali ba tunda ba a rubuta su. Kamar rariya yake: tana rage tsakuwa, amma sai an bi da hannu. Sa ƙa'idar tsawon saiwa, misali haruffa uku kafin ɗafa-ƙeyar, yana rage shara sosai, sauran kuma jerin keɓantattu ne ke maganinsu. Haka nan `endswith("ne")` don neman jimlolin da suka ƙare da "ne" zai kamo mutane da zane. A raba jimlar kalma-kalma bayan an cire aya, a duba ta ƙarshe.

Kada a ba shi gadin ƙofa shi kaɗai

Nan ne muka fi damuwa, domin kuskuren nan ba amsa kawai yake ɓatawa ba, dukiyar mutane da bayanansu yake saka wa cikin haɗari. A ce manhaja tana yarda da mahaɗi ne kawai idan na shafukan gwamnati ne, aka rubuta `adireshi.endswith("gouv.ne")`. Duk sunan da aka manna wa wasu haruffa a gaba, kamar `wanigouv.ne`, ya wuce. Idan kuma dukan adireshin ake dubawa, `https://wani-shafi.example/?x=.gouv.ne` ma ya wuce, alhali shafin gaskiya mai `/index.html` a ƙarshe an hana shi. Hanyar da ta dace:

```python
from urllib.parse import urlparse

gida = (urlparse(adireshi).hostname or "").rstrip(".")
amintacce = gida == "gouv.ne" or gida.endswith(".gouv.ne")
```

`hostname` yana cire lambar mashiga irin `:443`, yana kuma mayar da haruffa ƙanana. Ɗigon da ke gaban `gouv` shi ne dukan tsaron. Ga imel, a raba a kan `@` ta ƙarshe da `rsplit("@", 1)` a yi wa ɓangaren dama wannan gwajin. Kuma kada a maye gurbin `endswith(".ne")` da `".ne" in adireshi`, domin na biyun yana kama duk wani `.net`.

Fayil ɗin da mutane ke lodawa ma haka. Wutsiya suna ce kawai, kowa na iya canza ta. `facture.pdf.exe` shiri ne mai gudana, kuma tunda Windows yana ɓoye sanannun wutsiyoyi sai an ce ya nuna, mai karɓa `facture.pdf` zai gani; irin wannan da fayilolin `.lnk` su ne ke yawo a ma'ajiyar USB tsakanin wuraren buga takardu. Jerin haramtattu ba ya riƙewa: `.EXE` da manyan baƙaƙe ya tsallake, `abu.exe.` mai ɗigo a ƙarshe ya tsallake, Windows kuma ya share ɗigon wurin ajiyewa. A yi jerin abin da aka yarda da shi kaɗai, sannan a leƙa cikin fayil ɗin. PDF yana farawa da `%PDF-`, JPEG da FF D8 FF, `.docx` da `.xlsx` da `PK` domin zip ne.

Wani amfani da ba a cika ambata ba, kuma mai daraja inda wuta da intanet ke yankewa tsakiyar saukar da fayil: `endswith` yana aiki a kan bayit, don haka yana iya gano fayil ɗin da bai gama sauka ba. PDF cikakke yana rufewa da `%%EOF`, PNG da `IEND` da bayit huɗu AE 42 60 82, JPEG da FF D9, ko da yake wasu wayoyi suna ƙara bayanai bayan nan. Ba sai an loda dukan fayil ɗin ba:

```python
with open(p, "rb") as f:
    f.seek(0, 2)
    f.seek(max(0, f.tell() - 1024))
    cikakke = f.read().rstrip().endswith(b"%%EOF")
```

Harafin `b` ɗin nan wajibi ne. Gauraya bayit da rubutu `TypeError` ne a Python 3. Gwajin bai tabbatar da lafiyar tsakiyar fayil ɗin ba, amma yana kama wanda aka datse, kuma shi ne ya fi yawa.

Idan aka jera shi da sauran, JavaScript ya samu `endsWith` a 2015, yana aiki daidai, amma idan ka ba shi jeri kamar `[".pdf", ".doc"]` yana mayar da shi rubutu ɗaya, `.pdf,.doc`, ya ce `false` ba tare da ko tari ba. Sai an bi ta `some`. PHP bai samu `str_ends_with` ba sai a siga ta 8.0, Nuwamban 2020, kuma masaukin shafi mai arha da ke kan PHP 7 zai tsayar da shafin gaba ɗaya. `strtolower` ɗinsa ma bai san Ƙ ba, sai `mb_strtolower`. A Java, `endsWith` na rubutu lafiya yake, amma na `Path` sassan hanya yake gwadawa, don haka `Paths.get("rahoto.pdf").endsWith(".pdf")` `false` ne. C ba shi da shi sam, C++ sai a C++20. A Excel na Faransanci, `DROITE(A2;4)=".pdf"` ya isa ga jadawali ƙarami, kuma ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, wanda ga wutsiyar fayil alheri ne. A SQL, `LIKE '%.pdf'` yana yi, amma `_` da `%` cikin abin da ake nema suna da ma'ana ta musamman, kuma farawa da `%` yana tilasta bin dukan jadawalin layi-layi. A SQLite rashin kula da girman baƙi ya tsaya ga haruffan a zuwa z, bai kai ga Ƙ da É ba.

Abin da muke ƙorafi a kai a Python kaɗan ne amma na gaske. Babu zaɓin cewa a yi watsi da girman baƙi, sai ka tuna da `casefold()` da kanka kowane lokaci, kuma kyamarori da na'urorin kwafe takardu da yawa `.JPG` da `.PDF` suke rubutawa. Idan ka ba shi `tuple`, ba ya faɗa maka wanne ne ya dace, sai ka rubuta `next((w for w in jeri if s.endswith(w)), None)`, ka kuma sa dogaye a gaba, `.tar.gz` kafin `.gz`. Idan gurbi ya zo `None` daga rumbun bayanai, `AttributeError` ne. Bayanin hukuma yana nan da Faransanci a shafin Python, wanda ke taimaka wa mai karatu a nan, amma saƙonnin kuskure da Ingilishi suke fitowa.

Ga mai farawa, ga mai tace jadawalin ofis, ga mai tara kalmomin Hausa, muna ba da shawarar Python 3.9 ko sama, da `tsabtace` a gaban kowane gwaji, da `removesuffix` a duk inda hannu ya so kai wa `rstrip`. Wanda shafinsa ke kan PHP ko JavaScript ba sai ya sauya harshe saboda wannan ba. `normalize("NFKC")` yana nan a JavaScript, `Normalizer` yana nan a PHP idan an kunna `intl` a masaukin, kuma matakan tsabtacewar ɗaya ne.